Fasahar Zamani da Mutanen Fadama: Me Ke Tare Hanya?

 

Ranka ya daɗe shugaban wannan zama.    

Batun da aka ba ni shi ne abubuwan da ke hana ƙasashe masu tasowa cin moriyar fasahar zamani, wato waya da kwamfuta da intanet da hada-hadar kuɗi ta waya. Batu ne mai faɗi, ana iya kwana ana yinsa a kan Indiya ko Kenya ko Burazil. Ni dai zan tsaya a gida, a ƙasar Haɗeja da fadamarta, daga Auyo da Kafin Hausa zuwa Kirikasamma da Guri, da tudun Kaugama da Malam Madori da Birniwa. Duk cikas ɗin da masana ke lissafawa a manyan taruka, akwai shi a nan, kuma a nan mun san fuskar mutumin da yake faɗa wa.

Kafin in shiga lissafi, akwai wata magana da nake so mu kawar da ita daga hanya. Sau da yawa za ka ji ana cewa mutanenmu na karkara ba sa son sabon abu, wai duhun kai ne ya hana su karɓar fasaha. Ban yarda da wannan magana ba, kuma tarihin fadamar nan ne hujjata. Dattawan da ke zaune a nan sun ga lokacin da jigo ne kaɗai abin ban-ruwa a bakin kogi: mutum ya wuni yana tsoma guga yana ɗagawa don ya shayar da 'yar gayauna. Daga shekarun 1980, lokacin muna ƙarƙashin tsohuwar Jihar Kano, hukumar aikin gona ta KNARDA ta fara yaɗa ƙaramin injin ban-ruwa da 'yar rijiyar burtsatse ta fadama, sannan shirin Fadama da Bankin Duniya ya tallafa wa ya ɗora a shekarun 1990. Yau ina jigo? Wa ya tilasta wa manomi ya bar shi? Babu. Ya ga maƙwabcinsa ya noma ninkin abin da ya saba nomawa, ya ga akwai bakanike a kasuwa idan injin ya lalace, akwai kayan gyara a shago, kuma idan ya sayar da tattasai da albasa kuɗin injin zai fita. Sai ya saya. Da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, fetur ya yi tashin gwauron zabo, manoman nan ne suka fara neman yadda za a mayar da injinsu ya yi aiki da gas, masu hali kuma suka koma sola. Mutumin da ya yi wannan ba ya gudun sabon abu. Lissafi yake yi, kuma lissafinsa yakan fi namu daidai, domin shi ne zai kwana da yunwa idan aka yi kuskure.

Ta ɓangaren hukuma ma ba a ce Jigawa ta makara ba. A zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, tsakanin 1999 da 2007, jihar ta kafa makarantar koyon kwamfuta ta Informatics a Kazaure da kamfanin sadarwa na Galaxy a Dutse, a lokacin da jihohi da dama ba su fara tunanin abin ba. Shugaban hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, tun 2019, Malam Kashifu Inuwa Abdullahi, ɗan Haɗeja ne. To idan jama'a ba su ƙi ba, manya kuma sun yi yunƙuri tun da wuri, me ya sa har yanzu mai kifi a Guri ke gwammace ya ƙulla kuɗinsa a lalita ya hau mota da su? Wannan ita ce tambayar da zan yi ƙoƙarin amsawa.

Na farko, wuta da sabis.

Wannan kowa ya san shi, ba zan daɗe a kai ba. Waya ba ta aiki sai da caji, ƙarfen sabis ba ya aiki sai da wuta. A garuruwanmu da yawa shagon caji ya zama sana'a mai zaman kanta, mutum ya biya kuɗi ya bar wayarsa ta wuni a hannun wani. Wayar da ta wuni a shagon caji, saƙon gaggawa da ya shigo cikinta wa ya gani?

Manyan wayoyin intanet da suka ratso teku, irin su MainOne da Glo-1 da suka fara aiki a 2010, a Legas suka sauka. Kafin ƙarfinsu ya iso nan sai an binne waya ta ɗaruruwan kilomita, an biya kowace jiha kuɗin tona hanya. Kamfani kuwa ɗan kasuwa ne: zai duba ƙauye a tsakiyar fadama, ya lissafa man dizal da mai gadi da hanyar da ruwa ke yankewa da damina, ya lissafa katin da mutanen wurin za su saya a wata, sai ya ga ba riba. Saboda irin wannan ne dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi asusu na musamman a ƙarƙashin hukumar NCC, don kai sabis wuraren da kamfanoni ba za su je da kansu ba. Ina roƙon wakilanmu a majalisa su riƙa tambaya: ƙauyuka nawa na masarautar Haɗeja suka shiga lissafin wannan asusu?

Na biyu, tsada.

Mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun Yulin 2024 naira 70,000 ne a wata, kuma yawancin mutanen da muke magana a kansu ba ma albashin suke ɗauka ba. Babbar waya daga waje ake shigo da ita, da dala. Dalar da take ƙasa da naira 500 a farashin hukuma a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. A Janairun 2025 kuma NCC ta amince kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Ku sa kanku a matsayin magidancin da ke Auyo a farkon noman rani, ga kuɗin taki, ga iri, ga mai, ga 'yan ƙwadago. Kuɗin hannunsa ko dai buhun taki ko babbar waya. Wanne zai ɗauka? Ni ma takin zan ɗauka. Saboda haka duk wani shiri da aka gina shi a kan cewa manomi na da babbar waya da data a kullum, an riga an cire mafi yawan manoma daga ciki tun kafin a fara.

Na uku, harshe da karatu. A nan zan ɗan zauna.

A fadamar nan ana magana da Hausa da Fulatanci da Manganci da Badanci. Saƙon da banki ke turowa da wane harshe yake zuwa? Da Turanci. Lambobin da ake dannawa a tura kuɗi, umarninsu da Turanci. Takardar neman tallafin noma da ake cikewa a intanet, da Turanci. Kuma ba Turancin kasuwa ba, Turancin ofis, wanda ɗan sakandare ma sai ya karanta sau biyu.

Abin da ke biyo baya shi ne dattijo mai shekara sittin, mai gona da shanu da iyali, wanda ake kawo wa ƙara a ƙofar gida ya raba gardama, sai ya miƙa wayarsa ga yaro ya karanta masa nawa ya shigo, har ya faɗa masa lambobin sirrinsa don ya tura masa kuɗi. Wannan tauye mutunci ne, kuma ƙofa ce ta ɓarna. Da yawa daga cikin dattawan nan masu ilimi ne. Sun sauke Alƙur'ani, suna rubuta lissafin bashinsu da ajami ba kuskure. Amma a takardun masu tsara manhaja an jefa su cikin waɗanda ba su iya karatu ba, don haka babu wanda ya yi tunanin ya tsara musu abin da za su iya karantawa da kansu.

Ku duba abin da mutanenmu suka runguma ba tare da an yi musu bita ba: saƙon murya na WhatsApp. Dillalin shinkafa na tura farashi da murya, mai kifi na tura hoton kwali ga abokin cinikinsa a kudu, malami na tura karatu, uwa na gaisawa da ɗanta da ke ci-rani. Me ya sa wannan ya karɓu? Domin ba ya bukatar boko, kuma da harshen mutum yake magana. Rediyo ma abin da ya sa har gobe ba a raba Bahaushe da ita ke nan. Darasin a fili yake ga ƙannena da ke karatun kwamfuta a Kwalejin Binyaminu Usman da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa: wanda ya fara gina manhajar da manomi zai yi wa magana da Hausa ta amsa masa da Hausa, a kan ƙaramar waya, shi ne zai buɗe wannan kasuwa. Kada ku jira wani ya zo daga Legas ko Amurka ya gina, domin bai san bambancin gonar tudu da ta fadama ba, bai san ciyawar kacala ba, bai san ɓarnar tsuntsun jan-baki a gonar shinkafa ba.

Su ma ɗaliban akwai nasu cikas. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Malaman da ke nan za su shaida cewa akwai yara masu ƙoƙari daga makarantun karkara da ba sa samun taɓa kwamfuta sai dab da jarrabawa, wasu sai a ɗakin jarrabawar. Yaron ya san amsar, amma rabin hankalinsa na kan yadda zai sarrafa na'urar. Shin iliminsa aka auna, ko gatan makarantar da ya fito?

Na huɗu, rajista.

Kafin mutum ya shiga duniyar fasahar zamani sai ya bi ta ƙofofi: lambar banki ta BVN da aka ɓullo da ita a 2014, lambar zama ɗan ƙasa ta NIN, da haɗa NIN da layin waya da aka wajabta tun Disambar 2020. Manufar mai kyau ce, ba na jayayya. Amma ga wanda ke wata ruga a Birniwa, kowace ƙofa tafiya ce da kuɗin mota da wuni a layi. Sai kuma a ce sunan da ke BVN bai yi daidai da na NIN ba, can an rubuta Muhammad, nan Mamman, ko ranar haihuwa ta saɓa, ga mutumin da tun asali ba a rubuta ranar haihuwarsa ba. Sai manomin da gatari da fartanya suka shafe zanen yatsunsa, na'ura ta ƙi ɗauka.

Mun taɓa ganin yadda wannan ke aiki. A 2012, lokacin Dakta Akinwumi Adesina yana ministan noma, gwamnatin tarayya ta kawo shirin raba taki ta waya: a yi wa manomi rajista, saƙo ya shigo masa, ya je ya karɓi buhu biyu a rabin farashi tare da iri. Tunani ne mai kyau, kuma ya rage hannun 'yan tsakiya da suka daɗe suna karkatar da takin gwamnati. Amma wanda ba shi da waya, da wanda garinsu ba sabis, da wanda ya ba da lambar wani, su ne suka sha wuya. A ƙarshen 2023 a nan ƙasar Haɗeja aka ƙaddamar da shirin noman alkama na rani na ƙasa baki ɗaya, shi ma da rajista ta na'ura. Duk irin wannan shiri, nasararsa na rataye ne a kan abu guda: shin sunan da ke cikin kwamfuta shi ne mutumin da ke tsaye a gona?

Iyayenmu mata su ne wannan ƙofa ta fi yi wa ƙunci. Matar da ke gumin shinkafa ko ƙuli-ƙuli a cikin gida tana juya jari, tana zubin adashi, amma sau da yawa layin da aka yi mata rajista da shi na mai gida ne ko na ɗanta. Idan tallafi ko kuɗin ciniki ya shigo, ba hannunta ya shigo ba. Ina ganin mafita a nan ba ta da wuya: a horar da mata su zama masu rajista da wakilan banki, su shiga gida-gida, kamar yadda ake yi a aikin rigakafi.

Na biyar, amana. A ganina wannan ne babba.

Ku tuna farkon 2023. Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, ya sa wa'adin 31 ga Janairu, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Tsofaffin kuɗi suka koma banki, sababbi ba su wadata ba. Aka ce kowa ya koma tura kuɗi ta waya. Ba sai na ba ku labarin abin da ya faru a kasuwar kifi ta Haɗeja ko a Gujungu ko Maigatari ba, ku ne kuka gani. Mai ɗanyen kaya ba ya iya jira: tumatir da kifi ba su san sabis ya ɗauke ba. Mutane sun karyar da kayansu ga duk wanda ke da tsabar kuɗi a hannu. An sayi naira da naira a wurin masu POS. An tura kuɗi sun fita daga asusun mai saye ba su isa na mai sayarwa ba, aka bar mutum biyu masu gaskiya suna rantse-rantse a tsakiyar kasuwa. Sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi sannan aka fara numfasawa.

Gaskiya ne wannan matsi ya sa mutane da yawa sun buɗe asusu, kuma yau da wuya ka shiga kasuwar ƙauye ba ka ga mai POS ba. Amma ya bar tabo. Mutum ya koyi cewa kuɗin da ke cikin waya na iya zama nasa kuma ya kasa taɓa su ranar da matarsa ke naƙuda. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ƙara da 'yan damfara masu kira su ce daga banki suke, da masu nuna alat na bogi, da tsare-tsaren ninka kuɗi irin MMM da ya durƙushe a ƙarshen 2016 da dukiyar bayin Allah. Binciken da ƙungiyar EFInA ta yi a 2023 ya nuna kusan kashi 26 cikin ɗari na manya a Najeriya ba sa hulɗa da kowace kafar ajiya ko lamuni, a Arewa maso Yamma kuwa abin ya kusa rabi. Ga kuɗin eNaira da aka ƙaddamar a Oktoban 2021: a cikin ɗakin nan, mutum nawa suka taɓa sayen ko da kwanon gero da shi?

Kasuwancinmu na gargajiya a kan shaida yake tsaye. Idan ciniki ya lalace akwai dillali, akwai sarkin kasuwa, akwai mai unguwa, akwai alƙali. Idan kuɗi suka maƙale a waya, wa za ka kama? A ce ka je reshen banki, alhali reshe mafi kusa yana Haɗeja, kai kuwa kana ƙauyen Kadira. A ce ka dawo bayan kwana bakwai na aiki. Kuɗin mota zuwa da dawowa sau biyu ya kusa cinye abin da kake bi. A Kenya, abin da ya ɗaga tsarin tura kuɗi ta waya na M-Pesa tun 2007 shi ne yana aiki a kan ƙaramar waya, kuma akwai wakili a kusan kowane lungu, mutum mai fuska da shago wanda za ka iya komawa wurinsa. Masu POS ɗinmu sun fara cike wannan gurbi. Abin da ya rage shi ne a ba su horo da iko su karɓi ƙorafi su bi shi har ya warware, ƙungiyoyin kasuwa kuma su san su, su tsaya musu, su hukunta wanda ya ci amana.

Na shida, kuma na ƙarshe: ana kawo fasaha ba a tambayi mai bukata abin da ke damunsa ba.

Da za a tara mutanen Auyo da Haɗeja da Kirikasamma da Guri a ce su zaɓi labari guda da suke so waya ta riƙa kawo musu, ina kyautata zaton za su ce labarin ruwa. Kogin Haɗeja daga Kano yake gangarowa, kuma madatsun Tiga, da aka gama a 1974, da Challawa, da aka gama a 1992, su ke riƙe da kansa. Kacala ta toshe hanyoyin ruwa a ƙasa, shi ya sa idan ya zo da yawa sai ya fantsama cikin gonaki da gidaje. Mun ga 2020, lokacin da matasan garin Haɗeja suka kwana suna cika buhuna da ƙasa suna ɗaga jinga. Mun ga 2022, shekarar da ambaliya ta kashe sama da mutum 600 a faɗin ƙasar nan, Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri.

Ruwan da ya taso daga sama ba a sa'a guda yake isowa nan ba, yana ɗaukar kwanaki. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta san yawan ruwan da ke madatsunta. Hukumar NiMet na fitar da hasashen damina kowace shekara, hukumar NIHSA na fitar da na ambaliya. Ilimin yana nan. Amma yawanci yana ƙarewa ne a taron manema labarai a Abuja da rahoto mai shafuka da yawa da Turanci. Me zai hana a mayar da shi saƙon murya na minti ɗaya, da Hausa da Fulatanci da Manganci da Badanci, ya shiga wayar kowane dagaci da limami da sarkin ruwa da shugabar mata, gidajen rediyonmu su maimaita, sankira ya zaga da shi? A ce ruwa ya kai kaza a wuri kaza, ana sa ran isowarsa gari kaza ranar kaza, mai shinkafar da ta nuna ya yanke, mai dabbobi ya hau tudu. Wannan ba ya bukatar babbar waya ko data. Yana bukatar jerin lambobi na gaskiya, da ma'aikacin da aka ɗora wa alhakin turawa, da kuɗin gudanarwa da ba za su tsaya ba idan gwamnati ta sauya. Wannan na ƙarshen shi ne inda muka fi faɗuwa. Sau nawa aka kai kwamfutoci makaranta aka yanka ƙyalle, bayan shekara biyu batirin sola ya mutu, babu kasafin gyara, aka rufe ɗakin? Ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomi takwas na masarautar nan da majalisar Sarki da hukumar kogi su zauna a kan wannan tsari na gargaɗin ambaliya tun da rani, kafin ruwan damina ya sauka, kuma ɗalibanmu na kwamfuta su ne ya kamata a ba aikin tattara lambobin da gina shi.

Ranka ya daɗe shugaba, na ga lokacin da aka ɗebar mini ya cika.  Akwai manoma da masunta da masu POS a cikinmu da suka fi ni sanin yadda abubuwan nan ke gudana a kasuwa da gona, ina so a fara ba su dama, sannan iyayenmu mata, sannan ɗalibai. Mai tambaya ko gyara ko ƙarin bayani, bismillah.